Ƙafar Don Belisario

Gidan da muka kama haya a unguwar Sotomayor don buɗe namu wurin duba marasa lafiya na wata tsohuwa ne da ta koma wurin 'ya'yanta a Bogotá. Falonta muka mayar wurin jira. Babban ɗakin kwananta kuma kafinta ya raba shi biyu da katako, rabi na Farfesa Hernando Ardila, rabi nawa. Dakta Nubia Plata ta ɗauki ɗakin baya, ta ce tana so ta yi nesa da titi, ta kuma yi nesa da Farfesa. Katakon da ya raba mu bai kai silin ba, ko tari ya yi ina ji.

Mu uku muka bar asibitin koyarwa a wata guda. Dakta Nubia ce ta fara zancen. Ta ce ta gaji da taron da ba ya ƙarewa, ta gaji da a riƙa yanka mata lokacin da za ta yi da maras lafiya kamar ana raba burodi. Ta yi ta bin Farfesa har ya yarda, bayan ya yi kusan shekara talatin a can. Ni a lokacin na gama karatun ƙwarewa ke nan a ƙarƙashinsa. Ta tare ni a matakala, ta ce in zo, amma in sani da ɗakina zan zo da sunana a ƙofa, ba jakar kowa zan riƙe ba. Na ce to. Ban cika iya ce wa Dakta Nubia wani abu ban da to ba.

Makonnin farko mutane ba su zo sosai ba. Farfesa yakan riga kowa isowa, daidai lokacin da aka saba fara zagayen safe a asibiti. Ya tashi daga wurin jira ya shiga kicin, ya fita tsakar gida, ya dawo ya gyara kujerun da ba wanda ya zauna a kai. Ya dafa kofi, ya manta da shi, ya sake dafawa. Dakta Nubia takan ɗaga murya daga ɗakinta ta ce, "Hernando, don Allah ka zauna, za ka cinye wa matar nan tayil ɗinta." Ni ma ba zaman nake yi ba. Shafi ɗaya nake karantawa in maimaita. Da ƙofar waje ta yi ƙara sai ka ga kawuna uku sun leƙo, kowa na yi kamar wani abu ya fito nema.

A asibiti ba haka muka san shi ba. Can shi ne a gaba, mu muna biye, ɗalibai da ƙananan likitoci, wani lokaci har mu cika ɗakin. Ya tsaya bakin gado, ya taɓa, ya danna, ya saurara, sannan ya faɗi abin da za a yi ba tare da ya dubi kowa ba. Wanda ke kusa ya rubuta, wani ya ruga ya kira, wani ya kai jini. Kafin azahar an gama. Bai taɓa tambayar wa ya yi ba, don ba a taɓa rasa mai yi ba. Shekarun da na yi a bayansa, yawanci ni ce ta kusa.

A sabon wuri ba mu da mai karɓar baƙi tukuna. 'Yar ɗan'uwan Dakta Nubia za ta fara, amma sai ƙarshen wata. Kafin nan kowa shi ke kula da nasa mutanen daga shigowa har fita.

Ranar Alhamis da safe wani dattijo ya turo ƙofar. Ya sa riga mai guga, ƙafar dama da takalmi baƙi yana sheƙi, ta hagu kuma da silifa da aka yanke gabansa. Warin gam ya riga shi shigowa. Don Belisario Rueda ke nan (Don ɗin na girmamawa ne, kamar Malam), mai ɗinkin takalma, mai ciwon suga, wanda aka taɓa kwantarwa a sashen Farfesa a asibitin koyarwa har sau biyu. Ya ce ya je asibiti aka ce likitansa ya tashi, shi ne ya yi ta tambaya har ya gano mu. Farfesa ya fito da hannu biyu a buɗe, yana kiransa mutumin gadon bakin taga. Tun da muka tare ban ga fuskarsa haka ba.

Ina tare da tawa maras lafiyar, wata malamar makaranta mai ciwon ciki, lokacin da suka shiga. Na ji suna dariya, suna zancen wata nas da ta yi ritaya. Sai aka cire safa, dariyar ta tsaya. Na ji dattijon yana cewa babban yatsan ne, ya yi baƙi, sanyi ƙalau, kuma ciwon ba ya barinsa barci sai ya sauke ƙafar ƙasa daga kan gado. Da Farfesa ya yi magana, da muryar zagayen safe ya yi ta.

"A yi hoton jijiyoyin ƙafar nan yau, kada a kwana. A kira Saavedra ta gan shi. A fara masa maganin ƙwayoyin cuta. Kuma kada ya taka ta."

Don Belisario ya ce to, ya yi godiya, ya tambaya ko za a kira shi. Farfesa ya ce ƙwarai kuwa. Na ɗauka yana faɗa yana rubutawa. Malamar da ke gabana tana ba ni labarin abin da wake ke yi mata, na mayar da hankalina kanta. Da na fito, dattijon ya tafi, Farfesa yana kicin yana fito da baki.

Washegari bayan abincin rana muna tsakar gida muna shan kofi. Litinin hutu ne, rabin garin ya riga ya fara ɗaure kaya. Farfesa ya ajiye kofinsa ya juyo gare ni.

"Yolima, me hoton Belisario ya nuna?"

Na ce ban gani ba. Ya ce to Saavedra me ta ce? Na ce ban yi magana da ita ba. Muryata ta yi ƙasa har sai da ya sunkuyo. Ya dube ni da irin kallon da yake wa ɗalibin da bai yi karatu ba, ni kuma na ji kunnuwana sun yi zafi kamar ni ce na yi laifin.

Dakta Nubia ta ce, "Tsaya. Wa ka sa?"

"Na ce a yi."

"Na ji ka ce a yi. Wa ka ce wa? Fankar ɗakin?"

Farfesa ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dube ni, ya sake duban ƙofar. Na ga lokacin da abin ya iso masa, don sai da ya dafa bango. Bai rubuta takardar hoto ba, bai rubuta magani ba, bai kira Dakta Saavedra likitar jijiyoyin jini ba. Mutumin ya koma gida hannu wofi yana jiran waya, da yatsan da jini ya daina isa gare shi.

Dakta Nubia ta ce to a kira shi yanzu. Farfesa ya shiga ɗaki ya fito da abin da ya rubuta. Shafi guda cike da bayanin yatsan, launinsa da sanyinsa da inda bugun jini ya ɓace, rubutu mai kyau da za a iya koyar da aji da shi. Babu lambar waya, babu adireshi. Ya san yadda ƙodar mutumin take, ya tuna shekarar da aka fara kwantar da shi, amma bai san inda yake kwana ba. A asibiti bai taɓa buƙatar sani ba. Inda ya bar mutum da safe, nan yake samunsa gobe.

Ya kira asibitin. Aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, daga ƙarshe wata mata ta gaya masa cikin ladabi cewa tun da ba ma'aikaci ba ne yanzu, sai ya nema a rubuce, za a duba bayan hutu. Ya tsaya da wayar a hannu. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne shagon yana unguwar San Miguel.

Dakta Nubia ta ce, "San Miguel? Kowace ƙofa a can mai takalmi ne, kuma rabinsu Rueda ne. Ku tafi. Yarinya, bi shi, in ba haka ba zai tsaya a tsakiyar titi ya ce a nemo Belisario."

Muka hau tasi. Hanya ta cushe da masu barin gari, direban yana ta ba mu labarin gonar abarbar surukinsa. Ni ina lissafin abin da na sani game da irin wannan yatsan, kuma ba abin da na tuna da ya kwantar mini da hankali.

Muka sauka muka fara bi ƙofa ƙofa. Ko'ina ƙarar guduma da keken ɗinki da rediyo, ko'ina tarkacen fata a bakin kwata. Farfesa yana gaba da farar rigarsa, yana tambayar Belisario Rueda da babbar murya. Sai na lura duk inda ya tsaya hira na mutuwa. Wani ya tura gwangwanin gam ƙarƙashin tebur da ƙafa. Wani ya ce shi bai san kowa ba, ɗan aiki ne kawai. Sun ɗauka jami'an duba lafiyar wuraren aiki ne mu. Na yi ta juya maganar a bakina har muka wuce shaguna da dama, sannan na ce, "Farfesa, da ka cire rigar." Ya dube ni, ya dubi rigar, ya cire ta ya naɗe a hammata.

Duk da haka sai da aka tura mu wurin wasu Rueda biyu. Ɗaya saurayi ne, ɗayan kuma ya rasu bara, matarsa ta so ta zaunar da mu ta ba mu labarin jinyarsa. Rana ta fara karkata. Na daina tambayar suna, na koma tambayar dattijo mai ɗingishi da yankakken silifa. Wata mata mai tallan kofi a fulas ta ce ai baban Marleny ke nan, ta nuna mana shuɗiyar ƙofa can saman tudu.

Yana zaune a kan gajeriyar kujera, ƙafar hagu a kan akwati, takalmin yaro fari a cinyarsa yana goge gefensa. A kusurwa wata mata mai kamar shekara arba'in tana kan keken ɗinki. Da ya gan mu ya so ya miƙe, Farfesa ya hana shi.

"Dakta da kansa a shagona! Marleny, kawo kofi. Ga likitana, ga kuma 'yar likitar da ba ta magana."

Ya ce jiya wuni ya yi da waya a aljihun riga, har bayi da ita ya shiga. Da ba a kira ba ya ce wa Marleny ashe abin bai kai haka ba, da ya kai da tuni an neme shi. Ya ce ma ciwon ya ragu tun daren jiya. Gobe da sassafe za su tafi garin Zapatoca, za a yi wa jikansa baftisma ran Lahadi, wannan farin takalmin na yaron ne. Ran Talata in sun dawo zai leƙo mu.

Farfesa ya durƙusa a kan siminti, cikin tarkacen fata, ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Baƙin ya haye zuwa yatsa na biyu. Saman ƙafar ya kumbura, wani jan layi ya fara hawa wajen idon sawu. Ko warin gam bai rufe warin ba. Na gane dalilin da ciwon ya ragu, naman ne ya mutu, na san Farfesa ma ya gane.

Ya ce sai an tafi asibiti yanzu. Don Belisario ya yi dariya, ya ce likitoci kullum yanzu ne, shi kuma ya riga ya biya kuɗin mota, ga ƙanwarsa ta yanka akuya. Ya ce a ba shi ƙwaya mai ƙarfi ta riƙe shi zuwa Talata. Farfesa ya fara bayani kan jijiyoyi da yadda suke toshewa, da kalmomin da muke rubutawa a jarrabawa. Dattijon yana gyaɗa kai cikin girmamawa, hannunsa bai bar goge takalmin ba. Ni ina tsaye bakin ƙofa, ina jin kamar in fizge takalmin.

Farfesa ya yanke bayanin a tsakiya. Ya ɗora hannu a gwiwar mutumin.

"Belisario, dube ni. In ka tafi Zapatoca, ba na jin za ka dawo da ƙafar nan. Yau yatsu muke magana. Ran Talata daga gwiwa za a yanke."

Keken ɗinkin ya tsaya. Marleny ta taso ta zo ta duba ƙafar da kanta, ta daɗe tana kallo. Dattijon ya fara cewa ai yaron sau ɗaya za a yi masa baftisma. Ta karɓe farin takalmin daga hannunsa ta ajiye a kan tebur.

"Baba, tashi. Baftisma ba ta buƙatar ƙafarka, ni ina buƙata. Wa zai ɗauke ka zuwa bayi, ni?"

Ya kira ta mai bakin uwarta, amma ya miƙa mata hannu. Ni da ita muka riƙe shi har bakin titi, Farfesa ya ruga gangare neman tasi, ya manta farar rigarsa a kan akwati.

A ƙofar sashen gaggawa mai gadin sabo ne, bai san mu ba. Ya ce mutum ɗaya ke bin maras lafiya. Marleny ta shiga da mahaifinta a keken guragu, ta miƙo wa Farfesa baƙin takalmin ƙafar dama da aka cire, don hannunta ya cika. Muka tsaya a waje. Ya kira Dakta Saavedra da kansa, yana kai da kawo a bakin titi, yatsa ɗaya toshe da kunne saboda ƙarar motoci. Tana hanyar fita gari da iyalinta. Ban ji me ya gaya mata ba, na dai ji ya ce don Allah har sau biyu. Ta juyo da mota, ta dawo gari.

Muka zauna a bencin waje tare da sauran masu jira, wata mata da yaro mai zazzaɓi, wani ɗan babur da ya naɗe hannu da riga. Farfesa ya ce bai taɓa sanin akwai benci a nan ba. Ya zauna, ya tashi, ya je ya leƙa ta gilashi, ya dawo. Can wani tsohon ɗalibinsa ya hango shi, ya fito da sauri yana ba da haƙuri, ya shigar da mu. Aka yi hoton, aka fara allurai, aka ce da safe za a shiga da shi tiyata.

Asabar da hantsi muna tsaye a barandar ɗakin tiyata, ni da shi da Marleny. Ba ta yi barci ba, idanunta sun nuna. Ta gaya mana an ɗaga baftismar, ƙanwar baban tana can tana faɗa da kowa a waya saboda akuyar. Farfesa har lokacin yana riƙe da takalmin, a cikin leda.

Dakta Saavedra ta fito tana cire hular kanta. Ita ma ɗalibarsa ce a da, tun kafin zamanina. Ta ce ta buɗe jijiyar, jini ya sauka, ƙafar ta yi ɗumi. Yatsu biyu sun tafi, babban da na kusa da shi. Sauran za su tsaya in aka kula da ciwon, kuma zai yi tafiya. Marleny ta yi alamar gicciye, ta jingina da bango.

Da a nan aka tsaya da kowa ya tafi gida. Amma Farfesa ya tambaya, a gaban Marleny, ko da an kawo shi kwana ɗaya kafin haka da wani abu ya canza.

Dakta Saavedra ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce babban yatsan ya riga ya mutu tun kafin ya zo wurinmu. Na biyun kuwa, wataƙila. Ba za ta iya rantsewa ba, amma wataƙila.

Marleny ta ce, "Wane kwana ɗaya?"

Ya juya ya fuskance ta. Ya gaya mata cewa tun Alhamis ya ga abin da ya kamata a yi, ya faɗa, amma bai yi ba, kuma babu wanda ya sa ya yi. Ya ce kiran da mahaifinta ya wuni yana jira, shi ne ya kamata ya yi shi. Bai ambaci sabon wuri ba, bai ambaci rashin ma'aikata ba.

Marleny ta ce babanta tun shekaranjiya yake yi wa maƙwabta alfahari cewa likitansa ya buɗe wurin kansa, yanzu ba layi, ba jira. Ta ce in ya farka shi ya san abin da zai yanke, ita dai ba za ta sake kawo shi Sotomayor da ƙafarta ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta ledar. Ta bi Dakta Saavedra ciki.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Dakta Nubia ce. Ta tambayi ƙafar, na gaya mata. Ta ja numfashi, sannan ta ce akwai mutum biyu a wurin jira, ɗaya ya ce Farfesa yake nema, ya kuma fara duban agogo. Na faɗa masa. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce mu je. Muka sauka ta matakalar baya, muka fita bakin titi neman tasi.